Babi na Shida: Jinin Ashirin da Tara ga Azumi

Ranar Litinin, 30 ga Disamba, 2019, jama'a suka yi dafifi a ƙofar wata kotu a Omdurman, wasunsu tun daga jihar Kassala suka taso, suna ɗauke da hoton mutum ɗaya. Sunansa Ahmed al-Khair, malamin makaranta a garin Khashm al-Girba da ke gabashin Sudan. A ƙarshen watan Janairun wannan shekara jami'an leƙen asirin Umar al-Bashir suka ɗauke shi bisa zargin yana cikin masu shirya zanga-zanga, kwana kaɗan bayan haka aka kira danginsa su zo su ɗauki gawa. Da farko hukuma cewa ta yi gurɓataccen abinci ya ci. Da aka duba gawar sai aka tarar da shaidar duka da azabtarwa irin wadda baki ba zai so maimaitawa ba.

Da alƙali ya gama karanta hujjoji, ya tabbatar da laifi a kan waɗanda ake tuhuma, sai ya juya wajen ɗan'uwan mamacin ya yi masa tambayar da duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a Kano ko Sakkwato ya san ta: za ku yafe, ko za ku karɓi diyya, ko kuwa kisasi kuke so? Mutumin ya amsa cikin kuka cewa kisasi suke so. Aka yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa ta hanyar rataya. Waje ya ɗauki kabbara da guɗa, mutanen da ba su taɓa sanin juna ba suna rungume juna suna hawaye.

Na fara da wannan rana ne saboda tambayar alƙalin. A shari'ar da mu da mutanen Sudan muka gada, haƙƙin jini na magadan mamaci ne. Sarki ba ya yafe shi a madadinsu, ballantana janar ko ɗan siyasa. Idan za a yafe, su ne za su yafe, kuma ba a yafe wa iska: sai an san wanda ya yi, an tsayar da shi, an tabbatar. Abin da ya faru a Khartum daga 2019 zuwa yau labari ne na ɗaruruwan iyalai da aka hana su kaiwa ga wannan tambaya, da kuma abin da hanawar ta jawo wa birni guda mai miliyoyin mutane.

Ga yadda abin ya faro: burodin da ake saya fam ɗaya ya koma fam uku, garin Atbara ya tashi ranar 19 ga Disamba, 2018, wutar ta bazu. Ranar 6 ga Afrilu, 2019, wadda ta yi daidai da ranar da aka tumɓuke Ja'afar Numeiri a 1985, masu zanga-zanga suka isa gaban hedikwatar sojoji a tsakiyar Khartum suka ce ba inda za su. Kwana biyar bayan haka sojoji suka sauke al-Bashir, bayan ya shekara kusan talatin a kan mulki. Janar Awad Ibn Auf da ya gaje shi kwana ɗaya ya yi jama'a suka ce shi ma ba su yarda ba. Sai Janar Abdel Fattah al-Burhan ya hau, mataimakinsa kuma Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, shugaban dakarun RSF, rundunar da aka gina daga mayaƙan Janjawid na Darfur.

Jama'a ba su tashi daga filin ba, domin ba canjin hula suka fito nema ba. Kalmarsu ɗaya ce, madaniyya, wato mulkin farar hula. Wata biyu filin nan ya zama gari a cikin gari. Samari suka jera duwatsu da bulo suka yi shingaye, duk mai shiga sai ya ɗaga hannu an laluba shi cikin ladabi, don kada wani ya shigo da ko da wuƙa ce. Likitoci suka kafa tantuna. Masu zane suka cika bangaye da fuskokin waɗanda aka kashe. A kan gadar jirgin ƙasa da ta ratsa wurin, samari na karɓa-karɓa dare da rana suna buga ƙarfe da duwatsu, amon ba ya yankewa, alamar cewa ba a yi barci ba. Mata masu sayar da shayi, waɗanda shugabarsu Awadiya Mahmud Koko ta daɗe tana fafutuka dominsu, suka ɗora manyan tukwane. Da azumi ya kama, idan an kira magariba sai ka ga shimfiɗu sun miƙe a kan kwalta, ana zagayawa da asida da ruwan hilu-mur, Kiristoci suna riƙe wa Musulmi mayafai don yi musu inuwa lokacin sallar Juma'a. Yaran da ke kwana a titi, waɗanda birni ya saba kora, a nan suka samu abinci da masu koya musu karatu. Duk wanda ya buɗe baki a wurin, silmiyya zai ce: cikin lumana, cikin lumana.

Asubahin Litinin, 3 ga Yuni, 29 ga Ramadan, saura kwana ɗaya ko biyu a yi salla, motocin a-kori-kura cike da mutane masu kakin RSF da na 'yan sanda suka yi wa filin ƙawanya. Mutane da yawa sun yi sahur sun kishingiɗa. Aka buɗe wuta, aka cinna wa tantuna wuta, aka bi mutane da bulala da sanduna. Waɗanda suka ruga ƙofar hedikwatar sojoji neman mafaka suka tarar da ita a rufe. Aka bi masu rauni har asibitoci. Likitoci sun ba da rahoton fyaɗe fiye da 70, mata da maza. Cikin kwanakin da suka biyo baya aka riƙa tsamo gawawwaki daga Kogin Nilu, wasu an ɗaure musu bulon siminti a ƙafa don kada su taso. Aka katse intanet a faɗin ƙasa, ba a maido da shi ba sai 9 ga Yuli, kuma a ranar da ya dawo ne mutane suka zauna da wayoyinsu suna kallon abin da aka yi wa 'ya'yansu.

Cikin hotunan akwai na wani saurayi, Abbas Farah, sanye da riga ruwan ɗorawa, harsashi ya same shi, jini ya jiƙe masa gaba, yana tangaɗi yana nufar shingen da suke gadi har ya dafa shi. Akwai Muhammad Mattar, injiniya ɗan shekara 26 da ya yi karatu a Ingila, wanda abokansa suka maida hotunansu na shafukan zumunta launin shuɗi saboda shi ne launin da yake so, duniya kuma ta ɗauka.

Mutum nawa aka kashe? Ma'aikatar lafiya ta ce 61. Kwamitin babban mai gabatar da ƙara ya ce 87. Kwamitin likitocin Sudan ya ƙirga fiye da 120. Wata ƙungiyar likitoci masu kare haƙƙin ɗan'adam da ke Amurka ta ce adadin zai iya kaiwa 241. Wannan saɓani kansa wani ɓangare ne na laifin, domin wanda ya jefa gawa a kogi lissafi yake son ɓatawa. Akwai iyayen da har yau ba su san ko su yi zaman makoki ko su ci gaba da barin ƙofa a buɗe ba.

Kwana goma bayan kisan, kakakin majalisar soja, Janar Shamsuddin Kabbashi, ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa cewa su ne suka ba da umarnin watsa zaman dirshan, ya ce an yi kura-kurai. Wata kalma da ya faɗa a wannan zama ta zauna a bakin mutanen Sudan har yau: hadasa ma hadasa, abin da ya faru ya faru. Mu ma muna da irin wannan magana, mukan faɗe ta idan kwano ya fashe ko kasuwa ta yi gardama. Ba a faɗa wa uwar da aka tsamo ɗanta daga ruwa.

Jama'a ba su karaya ba. Ranar 30 ga Yuni, ba intanet, ba komai sai takardu da ake turawa ta ƙarƙashin ƙofa da rubutun bango, dubban ɗaruruwa suka cika titunan Khartum da Omdurman da Bahri. Tarayyar Afirka ta riga ta dakatar da Sudan, Habasha ta shiga tsakani, ranar 17 ga Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar raba mulki. Abdalla Hamdok ya zama firayim minista. Amma Burhan ne shugaban majalisar ƙoli, Hemedti kuma yana gefensa. Wato mutanen da ya kamata a fara yi wa tambaya su ne aka ba kujerun da suka fi kowace tsawo.

Ba na zargin 'yan siyasar da suka sa hannu da mugun nufi. Suna gudun ƙarin zubar da jini, kuma bindiga ba a hannunsu take ba. Sun yi lissafin cewa a samu zaman lafiya tukuna, adalci ya biyo baya. Matasan unguwanni da iyayen shahidai kuwa tun a lokacin suke cewa jini sai jini, ba za su karɓi diyya ba. Aka ce musu zafin kai ne da ƙuruciya. A ganina su ne suka fi kowa fahimtar ƙasarsu.

An kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin wani fitaccen lauya, Nabil Adib, a watan Oktoban 2019, aka ba shi wata uku. Wata uku suka zama shida, suka zama shekara, suka zama biyu. Kwamitin ya ce ya saurari shaidu kusan dubu uku, ya tara ɗimbin hotunan bidiyo, yana jiran ƙwararru daga waje. A Nuwamban 2020 masu gabatar da ƙara suka sanar da gano manyan kaburbura kusa da duwatsun Markhiyat a bayan Omdurman, ana kyautata zaton akwai ɓatattun 3 ga Yuni a ciki. A 2021 wari ya ishi mazauna wata unguwa a Khartum, aka bincika aka tarar da gawawwaki jibge a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti suna ruɓewa, ba suna, ba takarda. Matasa suka yi zaman dirshan a ƙofar wurin, suna tsoron kada a binne su a ɓoye a binne hujja tare da su.

An samu hukunci ɗaya tak da ya shafi ranar kanta, shi ma a Omdurman. A watan Mayun 2021 kotu ta yanke wa wani jami'in RSF hukuncin kisa saboda take wani saurayi, Hanafi Abdel-Shakur, da mota a bakin shinge. Direba ɗaya aka kama da laifi. Wanda ya tara dakarun, da wanda ya ba su mai da harsashi, da wanda ya ce a rufe ƙofar hedikwata, da wanda ya ce a katse intanet, babu wanda aka kira sunansa a kotu. A cikin wannan wata, daren 29 ga azumi, iyalai suka taru suka yi buɗe-baki a tsohon filin don tunawa da 'ya'yansu, sojoji suka harbe samari biyu suna watsewa.

Mu a Nijeriya wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kwamitin da gwamnatin Kaduna ta kafa kan abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015 ya ce an binne mutum 347 a rami guda, ya nemi a gurfanar da sojojin da ke da hannu, kuma ba a gurfanar da su ba. Ko mutum yana tare da aƙidar waɗanda aka kashe ko ba ya tare da ita, rai rai ne. Bambancin kawai shi ne namu rahoton ya fito aka ajiye shi, nasu ko fitowa bai yi ba.

Ranar 25 ga Oktoba, 2021, ana tunkarar lokacin da ake sa ran soja zai miƙa wa farar hula shugabancin majalisar ƙoli, Burhan da Hemedti suka haɗa kai suka kifar da gwamnatin. Dalilan juyin mulkin suna da yawa, akwai batun kamfanonin soja da zinariyar RSF, amma wanda ya san takardun da ke hannun kwamitin Adib ya san abin da janar zai ji tsoro ranar da rigar kariya ta bar jikinsa. A watan Maris na 2022 jami'an tsaro suka mamaye ofishin kwamitin, ya dakatar da aiki.

Titi ya koma hannun kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni, ƙungiyoyin matasa marasa shugaba guda, waɗanda suka tsaya kan a'a uku: ba tattaunawa, ba tarayya, ba halasta mulkin soja. Kowane wata sukan fitar da jadawalin fita. Hukuma kan toshe gadojin Nilu da kwantenoni don kada mutanen Omdurman da Bahri su haɗu da na Khartum a hanyar fadar gwamnati. Yara su fito da garkuwa ta yankakken ganga da guga mai ruwa na kashe gwangwanin barkonon tsohuwa, a tare su da harsashi a kai da ƙirji. Ranar 17 ga Nuwamba, 2021, aka kashe aƙalla mutum 15, mafi yawansu a Bahri, cikinsu har da wata budurwa mai karatun jinya, Sit al-Nafur. Ranar 30 ga Yuni, 2022, aka kashe tara, mafi yawa a Omdurman. A watan Yuli Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, su ma suka fito a Khartum suna neman a bi haƙƙin 'yan'uwansu da aka kashe a jihar Blue Nile, aka tarbe su da hayaƙi mai sa hawaye. Ranar 28 ga Fabrairu, 2023, kyamara ta ɗauki wani ɗan sanda yana harbin saurayi Ibrahim Majzub daga kusa a gabashin Nilu. Likitoci suka rubuta shi a matsayin na 125 tun daga juyin mulki.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 5 ga Disamba, 2022, ita ma ta ɗage maganar adalci zuwa gaba. Abin da ya wargaza ta shi ne gardamar shekara nawa za a ɗauka kafin a narkar da RSF cikin soja: soja na cewa biyu, RSF na cewa goma. Safiyar Asabar, 15 ga Afrilu, 2023, cikin azumi kuma, abokan sirrin nan biyu, Burhan da Hemedti, suka juya wa juna bindiga. Cikin wuraren farko da wuta ta fi kamawa akwai kewayen hedikwatar sojoji, filin nan dai na zaman dirshan.

Ɗalibanmu da ke Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantun Khartum sun ga farkon abin kafin a kwaso su ta Masar da Port Sudan. Abin da suka baro ya kai kusan shekara biyu. Dakarun RSF suka mamaye mafi yawan Khartum da Bahri da wani sashe na Omdurman, suka kori mutane daga gidajensu suka tare a ciki, suka kwashe motoci da gwala-gwalai, suka maida asibitoci bariki, suka kafa shingen bincike a kowane lungu. Soja kuma ya riƙa ruwan bama-bamai daga sama a kan unguwannin da ke hannunsu. Harin jirgi a kasuwar Goro da ke kudancin Khartum ya kashe fiye da mutum 40 a Satumbar 2023. Luguden RSF a kasuwar Sabrin ta Omdurman ya kashe fiye da 50 ranar 1 ga Fabrairu, 2025. Gidajen yari suka buɗe tun makonnin farko, har manyan mutanen al-Bashir da ke gidan yarin Kober suka fice. Abin da aka yi wa 'yan dubbai a fili guda cikin safiya guda, shi aka yi wa birni duka.

Gwamnati ta koma Port Sudan, ƙungiyoyin agaji na waje suka kwashe ma'aikatansu. Waɗanda suka tsaya su ne yaran nan da aka ce musu masu zafin kai. Kwamitocin gwagwarmaya suka rikiɗe suka zama ɗakunan agajin gaggawa. Suka farfaɗo da takiyya, tsohuwar al'adar zawiyoyin Sufaye ta ciyar da duk wanda ya zo. A harabar makaranta ko masallaci za a kafa murhu, a ɗora tukunyar wake ko adas, mata da yara su jera kwanuka da bokitai a ƙasa tun hantsi, kowane kwano yana riƙe wa mai shi layi. Kuɗin daga 'yan'uwa na ƙetare yake shigowa ta manhajar Bankak, shi ya sa da aka katse sadarwa a Fabrairun 2024 tukwane da yawa suka huce. Su ne masu gyaran famfo da wayar wuta, su ne masu kai mai naƙuda asibiti a baro, su ne masu haƙa kabari a tsakar gida idan hanyar maƙabarta ta gagara.

Kuma su ne kowane ɓangare ke zargi. Saurayin da ya ratsa shingen RSF da buhun gari, ɗan leƙen asirin soja ne a wurinsu. Idan soja ya karɓe unguwar, sai a ce ai da RSF yake aiki, in ba haka ba ta yaya ya rayu a cikinsu har yana girki? An kama su, an yi musu duka, an yi wa matansu fyaɗe, an kashe da dama. A Oktoban 2024 ƙwararren Majalisar Ɗinkin Duniya kan Sudan ya yi ƙorafi kan rahotannin kashe samari har kusan 70 a Halfaya da ke Bahri bayan dakarun da ke tare da soja sun shiga. Da soja ya ƙwato fadar gwamnati ranar 21 ga Maris, 2025, Burhan ya ce Khartum ta samu 'yanci, mutane da yawa sun yi murna ta gaskiya, kuma suna da dalili. Amma cikin kwanaki kaɗan shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya fito yana Allah wadai da kashe fararen hula ba shari'a bisa zargin sun taimaki RSF. A 2025 aka ba ɗakunan agajin lambobin yabo na Rafto da Right Livelihood. Sun cancanta, sai dai abin da suka fi buƙata shi ne a daina kashe su, kuma a kira sunan wanda ya kashe na baya.

Ina za a kai ƙara? Kotun duniya da ke Hague hurumin da aka ba ta tun 2005 na Darfur ne kaɗai, kuma sai a Oktoban 2025 ta samu mutum na farko, Ali Kushayb, da laifin abin da aka aikata shekara ashirin da suka wuce. Khartum da Omdurman ba sa cikin huruminta. Kwamitin binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 2023, ƙarƙashin Mohamed Chande Othman na Tanzaniya, wanda 'yar Nijeriya Joy Ezeilo ke cikinsa, ya nemi a faɗaɗa hurumin ya game Sudan baki ɗaya. Wannan kira ne da ya kamata Nijeriya da Nijar su ɗauka da bakinsu a Tarayyar Afirka, kuma malamanmu da ke da tsohuwar alaƙa da malaman Omdurman su faɗe shi a kan mumbari. Duk sulhun da za a ƙulla nan gaba za a sake zuwa da shawarar a yafe wa juna a wuce wurin, kuma masu bindiga ne za su yafe wa masu bindiga.

Har ranar da nake rubuta wannan babi rahoton kwamitin Nabil Adib bai fito ba, kuma babu alƙalin da ya kira iyayen Abbas Farah ko na Muhammad Mattar ya tambaye su ko afuwa suke so, ko diyya, ko kisasi.